Wai da gaske ne an kai geronmu Amurka an haɗa shi da ƙarangiya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin gona ne a wata ƙaramar hukuma da ke arewacin Jigawa, shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki. A makaranta an koya mana cewa sunan gero na kimiyya shi ne Pennisetum glaucum. Kwanan baya aka kawo mana irin gero da za mu raba wa ƙungiyoyin manoma, sai na ga a takardar da ta biyo kayan an rubuta Cenchrus americanus. Wani matashi ya ɗauki hoton takardar, ya duba a wayarsa, ya ga Cenchrus sunan dangin ƙarangiya ne, americanus kuwa ba sai an fassara wa kowa ba. Kafin magariba saƙon murya ya zagaye ƙauyuka, wai an kai geronmu Amurka an yi masa "aikin DNA" an haɗa shi da ƙarangiya, duk wanda ya ci ba zai haihu ba, gonar da aka shuka shi kuma za ta koma ƙarangiya zalla. Yanzu buhuna na nan jibge a sito, damina ta gabato, manoma sun ƙi karɓa. Ni kaina da aka tambaye ni sai na yi ta kame-kame. Don Allah Malam, da gaske ne DNA ce ta sa aka sauya sunan? In an sauya suna, an sauya geron ke nan?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ka raba irin nan. In dai buhunan suna ɗauke da shaidar hukumar tantance iri ta ƙasa, kuma ka ƙirga ƙwaya ɗari ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara ka ga yawancinsu sun tsiro cikin 'yan kwanaki, to geron da kakanka ya shuka ne, babu abin da ya same shi. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar kowane mai rai, ita ce ta sa aka sauya sunan. Amsar ta biyu kuwa a'a. Tsakanin wannan e da wannan a'a ne masu saƙon murya suke cin kasuwarsu.

Mu fara da americanus ɗin, tun da shi ya fi tayar da hankali. Wanda ya tabbatar wa gero wannan kalma a sunayen kimiyya shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, a 1753, lokacin da ya kira shi Panicum americanum. Ya dogara ne da bayanan masanan Turai da suka gabace shi, waɗanda suka zaci daga can aka kawo shukar. Ka lura da shekarar. Ƙasar da muke kira Amurka ba ta ayyana 'yancinta ba sai 1776, bayan shekara 23. Siffar DNA kuwa ba a gano ta ba sai 1953, shekara 200 cif bayan an raɗa sunan. To wane ɗakin gwaji ne ya yi wa gero aiki a 1753? Kuskuren Bature ne da bai taɓa ganin gonar gero ba, kuma dokar raɗa wa tsirrai suna ba ta yarda a goge suna don kawai ya nuna ƙasar da ba ita ba. Shi ya sa attarugu yake amsa sunan Capsicum chinense alhali asalinsa Kudancin Amurka ne, ba Sin ba. Tsamiyar da ke ƙofar gidanku Tamarindus indica ce a takarda, ita kuwa 'yar Afirka ce. Mu ma ba mu tsira ba: masara muke cewa, wato ta Masar, alhali a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ban taɓa jin wanda ya yi saƙon murya ya ce Fir'auna ya sa mana wani abu a tuwo ba.

Ka tambayi tsofaffin malaman gona da suka yi karatu kafin kai. Wasunsu Pennisetum typhoides aka koya musu, waɗanda suka biyo bayansu a shekarun 1970 da 1980 suka haddace Pennisetum americanum, ku kuma aka ba ku glaucum. Sau nawa ke nan aka sauya wa gero riga, fura ba ta sauya ɗanɗano ba.

Sai batun ƙarangiya. A nan ina so ka ajiye waya ka je gona. Ciro zangarniyar gero, ka ɓanɓaro ƙwayoyi daga gindinsu ba tare da ka murje ba. Za ka ga 'yan siraran gashi sun kewaye gindin ƙwayar kamar kwando. A wasu irin gajeru ne har sai ka zura ido, a geron nan mai gashi da tsuntsu ba ya son sauka a kansa kuwa sun fito zaro-zaro. Ka ɗauko kyasuwa, za ka ga gashin nan dai, amma ya yi laushi kamar auduga. Sannan ka cire ƙarangiya ɗaya daga bakin wandonka ka kalle ta da kyau. Gashin nan ne, sai dai ya yi kauri, ya yi tsini, gindinsa ya manne wuri ɗaya ya zama ƙoƙo mai ƙaya. Masanan da suka bi girman zangarniya tun tana 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma sun nuna cewa wannan gashi ƙananan rassa ne da ba su yi fure ba, kuma iri ɗaya yake farawa a dukansu. A kan wannan bambanci kaɗai, gashi a rarrabe ko gashi a manne, aka gina gida biyu: Cenchrus na Linnaeus a 1753, da Pennisetum da ya zo a 1805. Tun kafin a san DNA katangar ke yoyo. Akwai ciyawar kiwo da ake kira Cenchrus ciliaris, wadda gashinta ya ɗan manne kaɗan a gindi, masana suka yi ta kai ta suna dawo da ita tsakanin gidajen biyu, kowa da hujjarsa.

Abin da ya raba gardama shi ne aikin da Amelia Chemisquy da Osvaldo Morrone da abokan aikinsu na Ajantina suka buga a 2010 tare da Elizabeth Kellogg. Ita kam Ba'amurkiya ce, na faɗa da bakina kafin wani ya ce na ɓoye. Sun karanta sassa biyu na DNA ɗin kuloroflas, wato koren abin da ke cikin ganye mai sarrafa hasken rana, da wani sashe na cibiyar ƙwayar halitta, suka haɗa da siffofin jiki. Bishiyar zumuncin da ta fito ta nuna cewa 'yan gidan Cenchrus, jinsi 20 da 'yan kai, ba maƙwabtan Pennisetum ba ne, daga tsakiyarsa suka tsiro. Wato akwai 'yan Pennisetum da suka fi kusa da ƙarangiya a kan wasu 'yan Pennisetum ɗin. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce gida ya ƙunshi kaka da jikokinsa duka. Ba ka ƙirga 'ya'yan mutum tara ka bar na goma a waje don shi ya fito da kaushin fata. Da aka tashi haɗe gidajen, doka ta ce sunan da ya riga shi ake ɗauka, Cenchrus kuwa ya girmi Pennisetum da shekara 52. Kyasuwa ta koma Cenchrus pedicellatus. Gero ya kamata ya zama Cenchrus glaucus, sai aka tarar an riga an ba wata ciyawa ta Indiya wannan suna, dole aka koma kan tsohon americanum na Linnaeus. Ka ji yadda kalmomi biyu da suka hana mutanenka barci suka haɗu a takarda ɗaya.

In ka tambaye ni, ni ma ban ji daɗin sunan ba. DNA dangantaka take nunawa, ba ta raɗa suna. Mutane ne suka zaɓi su haɗe maimakon su farfasa Pennisetum gida-gida, kuma ina ganin zaɓin nasu ya fi sauƙi, amma ya bar amfanin gona mafi muhimmanci a Sahel da sunan nahiyar da ba tasa ba. Lambun Kew na Landan ya karɓi sabon sunan a kundinsa, yawancin masu binciken noma kuwa har gobe Pennisetum glaucum suke rubutawa. Duka biyun shuka ɗaya suke nufi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gamu da shi, a aji, a taron manoma, har a wurin ɗaurin aure in aka ji aikina. Mutane sun ɗauka duk inda aka ambaci DNA da shuka a jimla ɗaya, an taɓa shukar ke nan. Karanta DNA daban, sauya DNA daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta gwajin jini da ƙarin jini. Saurayi da budurwa suna zuwa asibiti kafin aure a ɗebi jininsu a ce wannan AA ne wannan AS ce. Ka taɓa jin wanda ya fito yana kuka an sauya masa jini? An duba abin da Allah ya riga ya rubuta a jikinsa ne, aka faɗa masa. Abin da muke yi wa ciyawa ke nan.

Ga yadda aikin yake a hannu. Ana yanko ganye kamar faɗin farce biyu, a jefa a 'yar leda mai garin da ke tsotse danshi. Wani lokaci ma ba sabon ganye ba ne, ɓarɓashi ne daga busasshiyar ciyawar da aka manne a takarda shekara hamsin ko ɗari a ma'ajiyar tsirrai. A daka shi ya zama gari, a zuba sinadari, a juya a na'ura, a samu wani ɗan farin abu a gindin kwalba da ƙyar ido ke ganinsa. A kwafi sashen da ake so, na'ura ta karanto jerin haruffa. Daga nan aiki ya koma kwamfuta, a jera na gero a kan na kyasuwa a kan na ƙarangiya a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Ganyen nan ya mutu tun a turmi. Abin da ya saura a kwalba kwandon shara yake zuwa. Babu ƙwayar iri ko ɗaya da ke fita daga ɗakin nan ta koma gona. Ta ina ƙarangiya za ta shiga buhunka?

Kuma ko an so a haɗa su, ba abu ne da ake yi da baki ba. Zama gida ɗaya a takarda ba ya nufin bununin wannan zai kama wancan. Shekara dubbai gero da ƙarangiya suna kwana gona ɗaya a ƙasar Hausa, iska na kaɗa bununinsu tare, ba a taɓa girbe zangarniya mai ƙaya ba. Ciyawar da ake iya haɗa gero da ita da hannu, wadda ake nomawa don yanka wa shanu, Cenchrus purpureus, tana da kuromosom 28, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a cikinsu, gero yana da 14, abin da suke haifa mai 21 ne kuma ba ya yin ƙwaya, kamar alfadari. Wannan fa 'yar'uwarsa ce ta kusa. Haka wanda ya zo kasuwa da kwano yana cewa nasa irin "gero ne da aka haɗa da dawa", ka ce masa ya ji tsoron Allah. Dawa kuromosom 20 gare ta, kuma ba ma reshensu ɗaya ba.

Ba na cewa babu irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO, a Najeriya. Akwai, kuma ba a ɓoye yake ba. Waken SAMPEA 20-T da ke jure tsutsa an sake shi a 2019, masarar TELA a farkon 2024, duka daga cibiyar binciken noma ta Samaru, kuma akwai hukumar tarayya da aka kafa a 2015 don sa ido a kan irin waɗannan. Mai son su da mai ƙin su kowa yana da damar faɗin ra'ayinsa, ni ma ina da nawa, amma wannan zance ne na wata rana. Gero dai babu irinsa na GMO da aka saki ga manoma, a Najeriya ko a Nijar. Irin geron SOSAT da mutanenku suka sani a Mali aka tace shi daga geron Afirka ta Yamma, ta hanyar haɗa bununi da zaɓe, ya shigo mana ta cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri a 2000. Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka saki a Nijar a 2018, shi ma haka. Aikin da tsohuwa ke yi in ta ware manyan zangarniyoyi ta rataye a rumbu don baɗi, shi ne dai, sai dai da ma'auni da littafi.

Batun haihuwa kuwa, wallahi na gaji da shi. Duk abin da aka kawo ƙasar nan, allura ce, gishiri ne, gidan sauro ne, sai an ce yana hana haihuwa. Wanda ya yi saƙon nan bai san kuromosom nawa gero yake da shi ba, bai taɓa riƙe madubin ƙara girma ba, amma ya iya cewa "masana sun tabbatar" da murya mai sanyi, ya rufe da salati don a yarda. Shi ba zai yi asarar komai ba. Wanda zai yi asara shi ne mai gona kadada ɗaya da zai bar iri mai nuna cikin kimanin kwana 90 a sito, ya je kasuwa ya sayi hatsin ci da bai san daga inda ya fito ba, ruwa ya ɗauke masa a farkon Satumba gero yana tsaka da bununi. In ka bi diddigi kuma, sau da yawa za ka tarar a bayan jita-jitar akwai mai tsohon hatsi da yake son ya sayar a matsayin "irin gargajiya mai tsarki" da ninkin kuɗi. Ya kamata masu tura irin wannan saƙo su tuna an umarce mu da mu bincika labari kafin mu ɗauka, kuma wanda ya jawo wa gida yunwa da yatsansa, danna waya kawai da ya yi ba zai zame masa uzuri ba. Ka faɗa wa limaman ƙauyukan haka, ka nuna musu zangarniyar da ƙarangiyar a tafin hannu. Sun fi ka baki a wurin mutane.

Abin haushin shi ne akwai haɗari na gaske a buhunan nan, ba kuma wanda ya yi saƙo a kansa. In ka ga irin ya yi ja ko ruwan hoda, maganin ƙwari da na cuta aka shafa masa, musamman cutar nan da ke mayar da zangarniya ganye-ganye. Wasu suna nuna launin a matsayin shaidar "an yi masa aiki". Guba ce ta kare shuka. Iri ne, ba abinci ba. Kar a wanke a surfa, kar a ba kaji, kar a bar yara su yi wasa da shi, wanda ya shuka kuma ya wanke hannu kafin ya ci goro. Tsorona shi ne buhunan da aka ƙi shukawa su kwana a sito har lokacin da hatsi ya yi tsada, wani ya ce bari a dafa kar a yi asara.

Tun da kai malamin gona ne, bari in ƙara maka abin da wannan bincike ya fito da shi a kan sauran hatsinmu, don ya fi labarin suna daɗi. Dangin ciyawa suna da jinsi fiye da 11,000. Da can da siffar fure ake jera su, sai gungun masana da suka haɗa hannu suka buga sabon jeri a 2001 bisa DNA, suka faɗaɗa shi a 2012. In ka cire wasu 'yan ƙananan rassa uku na gindi, masu faɗin ganye da ke zaune a inuwar kurmi, ɗaya daga cikinsu ma a dazukan Kamaru da maƙwabtanta yake, duk sauran sun rabu gida biyu manya. A ɗaya akwai shinkafa da alkama da sha'ir da gora. E, gorar da ake yin tsani da ita ta fi gero kusanci da shinkafa. A ɗayan akwai gero da dawa da masara da rake da acca da tamba.

A cikin wannan gida na biyu ne mamaki yake. Mu mun saba haɗa gero da dawa a baki kamar Hassan da Husaini, amma dawa ta fi kusa da masara da rake da gamba da tofa. Gamban da ake yin zana da shi ya fi gero zumunci da dawa. Gero reshensu ɗaya da acca da iburu da harkiya. Tamba kuwa can gefe take, ita da tuji da kiri-kiri da guɗe-guɗe da burburwa, da tef ɗin da Habashawa ke yin gurasarsu da shi. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, ta zuba gero da dawa da tamba da acca a kwando ɗaya. Wannan kwandon kasuwa ne da na tukunya, ba na zumunci ba.

Akwai kuma abin da siffa ba za ta taɓa nuna mana ba. Dabarar sarrafa hasken rana da ake kira C4, wadda ke sa gero da dawa su yi ta girma a zafin da alkama za ta kwanta, da an zaci gado ne daga kaka ɗaya. Da aka ɗora ta a kan bishiyar DNA sai aka ga ta ɓullo sau 22 zuwa 24 daban-daban a cikin ciyayi, kuma duk a cikin gida na biyun nan, ko sau ɗaya ba ta fito a ɓangaren shinkafa da alkama ba. Masu ƙoƙarin koya wa shinkafa wannan dabara da wannan taswira suke aiki. Shi kansa gero, an karanta DNA ɗinsa gaba ɗaya a 2017 a wani aiki da ICRISAT ta jagoranta, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano. A 2018 aka kwatanta na gida da na daji daga sassan Sahel, lissafi ya nuna an fara nomansa a yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da Muritaniya, ya kuma fara bazuwa a Afirka kimanin shekara 4,900 da suka wuce. Hakan ya yi daidai da sawun gero da masu tonon tarihi suka gani a jikin tsofaffin tukwane a kwarin Tilemsi na Mali. Wato DNA ɗin da ake zargi da sayar da geronmu ga Amurka, ita ce ta ba da shaidar cewa namu ne.

Kar ka ɗauka kuma ina cewa duk abin da aka ce "DNA ta nuna" ya zama yankan wuƙa. Kuloroflas a ciyayi ta wajen uwa ake gadonsa, don haka bishiyar da aka gina da shi kaɗai labarin ɗaki ɗaya take bayarwa. Ciyayi kuwa sun iya auren dangi da ninka kuromosom. Alkamar burodi mai 42 zuriyar ciyayi uku ce da suka haɗu, ka ga wannan ba reshe ba ne, saƙa ce. Shekarun da ake lissafawa da agogon DNA, kamar a ce dawa da masara sun rabu kusan shekara miliyan 12, ƙiyasi ne mai faɗin baki. Ga shi kuma ciyayin Sahel da yawa ba a ɗebi samfurinsu yadda ya kamata ba, don masu kuɗin binciken ba a nan suke ba. Sunaye za su ci gaba da motsi. Jema ta bar Vetiveria ta koma Chrysopogon, ciyawar kiwo Panicum maximum ta zama Megathyrsus, yawancin Brachiaria sun koma Urochloa.

Masu ofis su ma suna da nasu kason na laifi. Na taɓa aika ɗan ƙunshin iri don gwaji, takarda ɗaya ta ce Pennisetum, ɗayar ta ce Cenchrus. Jami'in da ke kan teburin ya ce kaya biyu ne daban, ɗaya ya ɓace ke nan, sai na kawo bayani a rubuce. Na kai masa kwafin shafin da ya nuna sunayen ɗaya ne, ya ce ba shi da hurumin karɓar abin da ba hatimi. Mako uku ƙunshin yana kan kabad a ɗaki mai zafi, da aka sake shi rabinsa bai tsiro ba. Wanda ya rubuta takardar da ta biyo buhunanku ma, da ya ƙara kalma ɗaya, "gero", da sunan irin da manyan baƙaƙe, da duk wannan bai taso ba. A rahotonka ka riƙa rubuta sunayen biyu a jere, sabon da tsohon, sannan sunan irin.

In mutanenka suna neman abin da ke gurɓata musu iri da gaske, ka nuna musu shibra. Ita ce ke haɗa jini da gero, don jinsinsu ɗaya. Gero shuka ce da kan macen furenta ke riga bununinta fitowa, saboda haka yawancin ƙwayoyin da ke zangarniya bununin wata shukar ne iska ta kawo musu. Inda geron daji yake kusa, ko inda shibra ta zauna a gona, abin da ke fitowa shi ne mai siririyar zangarniya da ke kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa kafin a zo girbi, baɗi kuma ta tsiro da kanta. Na san dalilin da ya sa wasu ba sa cire ta, tana riga gero nuna, ita ke riƙe gida a kwanakin da rumbu ya yi ƙasa, musamman a Nijar. A gonar ci ban hana ba. Amma duk wanda zai ajiye iri daga abin da za ka raba, ya tuge shibra tun kafin ta yi bununi, ya nisanta gonar irin da sauran gonakin gero da ɗaruruwan mita in da hali, in babu hali ya ɗebi zangarniyar iri daga tsakiyar gona, ba daga gefe ba. Bayan damina uku ko huɗu ya dawo wurinka ya sabunta.